Tsohon Bugun Tajuddini na Al-Maghili (Bairut, 1932) da Ma'anarsa a Yankin Noman Rani na Kura da Bunkure

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin wani tsohon bugu na littafin Tajuddini fima Yajibu alal Muluki, wanda Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarimu Al-Maghili ya rubuta a ƙarshen ƙarni na 15, aka kuma buga shi a Bairut a shekarar 1932 tare da fassarar Ingilishi. An bayyana asalin littafin da tsarinsa, da yanayin da aka buga shi a ciki, da tasirin da bugun ya yi wa fahimtarsa. Daga nan aka auna ƙa'idojinsa a kan sha'anin ƙasa da ruwa a yankin noman rani na Kura da Bunkure a Jihar Kano. Maƙalar ta nuna cewa bugun ya ɗaure littafin da rawani a daidai lokacin da iko ke zamewa daga hannun masu rawani, alhali wajiban da marubucin ya lissafa suna bin mai riƙe da iko ne, ko wane ne shi.

1.0 Gabatarwa

Da wuya a sami nazari a kan sarautar Kano wanda bai ambaci Al-Maghili da nasihar da ya yi wa Sarki Muhammadu Rumfa ba. Sai dai mafi yawan masu ambaton ba ta rubutun hannu suka san littafin ba. Sun san shi ne ta wani ɗan ƙaramin bugu da ya fito a 1932 da sunan The Obligations of Princes, ko kuma ta ayyukan da suka ciro daga wannan bugu. Saboda haka bugun kansa ya cancanci a yi nazarinsa, domin duk wanda ya buga littafi yakan zaɓa masa suna da masu karatu, wani lokaci har da ma'ana.

Tambayar da wannan maƙala ta sa a gaba ita ce: idan an ce littafin yana magana a kan abin da ya wajaba ga sarakuna, to su wane ne sarakunan a yau? An zaɓi yankin Kura da Bunkure don gwada amsar, saboda a can ne ake ganin yadda iko a kan abin da talaka ke rayuwa da shi, wato gona da ruwa, ya sauya hannu cikin ƙasa da ƙarni guda.

2.0 Al-Maghili da Kanon Rumfa

Al-Maghili mutumin Tilimsan ne, a ƙasar Aljeriya ta yau. Malami ne na mazhabar Malikiyya, ya yi karatu a wajen Abdurrahman As-Sa'alibi, sannan ya zauna a Tuwat cikin Sahara. A can ne ya jagoranci matsin da ya kai ga rushe wurin ibadar Yahudawan Tamantit, lamarin da malaman zamaninsa suka yi saɓani a kai. Bayan haka ya gangaro ƙasar Sudan, ya bi ta Ayar da Takadda, ya sauka Kano da Katsina, sannan ya je Gawo wajen Askiya Muhammadu. Ya koma Tuwat, inda ya rasu a wajen shekarar 1504.

Ya iske Kano a zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Littafin Tarihin Kano ya jingina wa Rumfa abubuwa goma sha biyu da ya fara, daga cikinsu akwai gina Gidan Rumfa, da faɗaɗa ganuwa, da kafa Kasuwar Kurmi, da Tara ta Kano, da kakaki da figini, da bai wa bābanni sarauta. Wannan ya nuna sarauta ce mai ƙara ƙarfi da kwarjini, wadda kuma take ƙara nisa da idon talaka.

Ayyuka biyu na Al-Maghili ake dangantawa da Kano. Na ɗaya wata gajeriyar wasiƙa ce a kan abin da ya halatta ga mai mulki wajen hana mutane aikata haram, wadda aka rubuta a shekarar 897 ta Hijira, daidai da 1491 zuwa 1492, kuma a cikinta aka ambaci Muhammadu ɗan Yakubu sarkin Kano da suna. Na biyu shi ne Tajuddini. Ahmad Baba na Tambutu, a littafinsa Nailul Ibtihaj, ya faɗi cewa Al-Maghili ya rubuta wa mai Kano risala a kan al'amuran sarauta, kuma masana sun tafi a kan cewa ita ce wannan.

3.0 Tsarin Littafin

Tajuddini gajeren littafi ne mai babi takwas, an rubuta shi da Larabci mai ƙafiya, an kuma saka baitoci a tsakani don sauƙin hadda. Babi na farko a kan kyautata niyya ne, inda aka nuna sarauta amana ce da za a yi hisabi a kanta. Na biyu ya yi magana a kan kamala a shiga da zama da furuci. Na uku a kan tsara mulki ne, inda aka jero ma'aikatan da sarki ke buƙata: wazirai da magatakarda da masu lissafi da manzanni da alƙalai da shaidu da masu hisba da likitoci da ma'aji da shugabannin yaƙi. Na huɗu ya yi gargaɗi a kan taka-tsantsan a gida da tafiya. Na biyar ya wajabta bincike, wato sarki ya san halin da ma'aikatansa da fursunoni da marayu da baitulmali ke ciki. Na shida a kan adalci ne a hukunci. Na bakwai ya bayyana hanyoyin tara dukiya na halal da na haram, na takwas kuma ya bayyana inda ake kashe ta.

Abu biyu suka fi fitowa fili. Na farko, marubucin yana maimaita gargaɗi guda daga babi zuwa babi, cewa ɓuyan mai mulki ga barin jama'arsa shi ne tushen kowace musiba. A babi na shida ya fassara wannan a aikace: dole babban sarki ya zauna kullum a inda mata da yara za su iya isa gare shi, kuma naɗa alƙalai bai sauke masa wannan nauyi ba, domin sau da yawa su ɗin ake zuwa kai ƙara. Na biyu, ya taƙaita hanyoyin kuɗin shiga ga waɗanda shari'a ta sani, irin su zakka da humusi da gadon da ba shi da magaji, ya haramta karɓar kuɗi don naɗa alƙali da cin hanci da kuɗin fito na zalunci. Ya yarda a ɗora wa jama'a taimako idan wata larura ta taso kuma baitulmali babu komai, amma gwargwadon larurar, ba tare da an mai da shi al'ada ba.

A fagen ilimin Musulunci littafin yana cikin jerin littattafan nasihar sarakuna, kamar Sirajul Muluki na Aɗ-Ɗurɗushi, wanda ya rasu a 1126. Ya bambanta da Al-Ahkamus Sulɗaniyya na Al-Mawardi, wanda ya rasu a 1058, domin shi Al-Mawardi ya shimfiɗa hukunce-hukuncen muƙamai ne dalla-dalla, shi kuwa Al-Maghili ya matse magana ta yadda za a iya karanta wa sarki ita a zama ɗaya.

4.0 Daga Rubutun Hannu Zuwa Maɗaba'a

Sama da shekara ɗari huɗu littafin yana yawo a hannun malamai ta hanyar kwafi. Shi ya sa sunansa ke sassaɓawa, wasu kwafe-kwafen suna kiransa Risalatul Muluki. Malaman jihadi sun dogara da shi ƙwarai. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ciro daga gare shi a Usulul Adli, ya kuma kawo wasiƙar Rumfa a Tanbihul Ikhwan. Malam Abdullahin Gwandu ya shigar da maganganunsa cikin Liya'us Sulɗan, kuma a Kano ya rubuta Liya'ul Hukkam a wajen 1807, bisa roƙon jama'ar garin. Abin lura a nan shi ne, a hannun waɗannan malamai littafin ma'auni ne da ake ɗora masu mulki a kai. Da shi aka tuhumi sarakunan Haɓe, da shi kuma aka gargaɗi sababbin masu tuta.

4.1 Bugun 1932

An buga littafin a maɗaba'ar Imprimerie Catholique da ke Bairut, wadda limaman Kirista na ɗariƙar Jesuit suka kafa a tsakiyar ƙarni na 19. Maɗaba'a ce da ta yi suna wajen kyawun haruffan Larabci, kuma ita ta buga ƙamus ɗin Munjid a 1908, wanda ɗaliban Larabci a Arewa suka sani sarai. Wazirin Katsina Muhammadu Zayyana ne ya shirya matanin Larabcin, T. H. Baldwin kuma, jami'in ilimi na gwamnatin mulkin mallaka a Arewa, ya yi fassarar Ingilishi.

Shekarar bugun tana da muhimmanci. A 1930 aka fara taron sarakunan Arewa a Kaduna. Daga 1931 zuwa 1935 Donald Cameron ne gwamnan Nijeriya, kuma a 1933 ya fito da sababbin dokoki na En'e da na kotunan gargajiya, da nufin ƙara sa ido a kan sarakuna. A 1932 Hukumar Fassara ta Zariya ta fitar da littafi na farko na Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. A 1934 aka buɗe makarantar koyon shari'a a Kano, aka buga ƙamus ɗin Bargery, aka kuma fitar da littattafan gasar ƙagaggun labarai irin su Ruwan Bagaja da Shaihu Umar. Zamani ne, ke nan, da Turawa da wasu manyan En'e suke tattara ilimin ƙasa suna mai da shi littafin makaranta da na ofis. A Katsina Muhammadu Dikko ke sarauta, a Kano kuwa Abdullahi Bayero, dukkansu a ƙarƙashin Razdan.

4.2 Abin da Bugun ya Sauya

Amfanin bugun a bayyane yake. Ya tsayar da matani guda da za a iya komawa gare shi, ya kuma kai sunan Al-Maghili ɗakunan karatu na Turai da Amurka. Ayyukan da suka biyo baya sun ginu a kansa ko sun gyara shi: kundin digiri na uku na Hassan Ibrahim Gwarzo a Jami'ar Landan a 1972, da sabuwar fassarar da K. I. Bedri da P. E. Starratt suka buga a mujallar Kano Studies a shekarun 1970, da littafin John Hunwick na 1985 a kan amsoshin Al-Maghili ga Askiya, da bugun Larabci na Muhammad Khair Ramadan Yusuf a Bairut a 1994.

Amma bugun ya kawo sauye-sauye uku da ya kamata manazarci ya sani. Na farko, sunan Ingilishin ya jefar da kashin farko na sunan Larabcin, wato kambin addini, ya bar wajiban sarakuna kawai. Kalmar da aka zaɓa ta fassara muluki kuma tana tuna wa mai karatu Bature littafin Machiavelli na Italiya, wanda aka rubuta a 1513 aka buga a 1532. Daga nan kwatanta mutanen biyu ya zama ruwan dare, duk da cewa Machiavelli yana tambayar yadda za a riƙe mulki ne, shi kuwa Al-Maghili yana tambayar yadda mai mulki zai kuɓuta gaban Ubangijinsa.

Na biyu, a yawancin nazarce-nazarce sunan mai fassara kaɗai ake kawowa, a manta da Wazirin da ya shirya matanin. Wannan ya ɓoye gaskiyar cewa malaman fada suna da hannu a aikin, kuma su ma suna da abin da suke so littafin ya faɗa wa zamaninsu.

Na uku, kuma mafi girma, bugun ya gabatar da littafin a matsayin nasiha ga sarakunan gargajiya, a lokacin da sarki ba shi ne ƙarshen magana ba. Tun 1910 doka ta sa ƙasar Arewa duka a ƙarƙashin ikon gwamna. Haraji da jangali sarki ke tarawa ta hannun hakimai da dagatai, amma Bature ke yanke adadi, shi ke kuma duba littafin baitulmali. Wanda ya fi kowa ɓuya ga barin talaka a 1932 shi ne mai zama a Kaduna ko Ikko, amma littafin da ya fito a shekarar bai nuna shi da yatsa ba. Wannan karatu, mai taƙaita littafin ga masu rawani, shi aka gada har yau.

5.0 Kura da Bunkure: Ƙasa, Ruwa da Iko

Kura tsohon gari ne da ya shahara da rini, har baƙin yadin da ake kira ɗan Kura ya kai ga Buzayen Sahara. Bunkure kuwa tana maƙwabtaka da Rano, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai. Kafin zuwan madatsun ruwa, noman damina ne babbar sana'ar ƙauyukan yankin, sai ɗan lambu a fadama da ake ba ruwa da jigo. Gona tana shiga hannun mutum ta gado ko saye ko jingina ko aro, ko kuma mai unguwa da dagaci su yanka masa daji. Idan rikici ya tashi, daga dagaci sai hakimi, sai alƙali, sai majalisar sarki. Manomi ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

A zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, aka fara aikin noman rani na Kogin Kano. Kamfanin NEDECO na ƙasar Holan ne ya yi binciken tsara shi, aka fara gwaji a Kadawa, aka kuma kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974. Kashin farko na aikin an tsara shi ne a kan hekta 22,000 a ƙasashen da a yau suke cikin ƙananan hukumomin Kura da Bunkure da Garun Malam. Ruwa yana gangarowa da kansa daga Tiga ta babbar magudana, ya bi ta Ruwan Kanya, sannan ya rabu reshen gabas da na yamma, daga nan ya shiga ƙananan magudanai har bakin gona. Tafkin Tiga ya tashi dubban mutane daga garuruwansu. A filayen ban ruwa kuma an karɓi gonaki an baje su, aka sake rarraba wa masu su bayan an cire abin da magudanai da hanyoyi suka ci. Binciken Tina Wallace, wanda aka buga a 1981, ya nuna yadda tsadar noman ta sa ƙananan manoma da dama suka ba da gonakinsu haya ga masu hali. A yau yankin ya zama cibiyar shinkafa da alkama da tumatir da albasa, kuma Kura ta cika da masu sarrafa shinkafa.

A cikin waɗannan shekaru iko ya yi ta ƙaura. A ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e. A 1976 aka yi gyaran ƙananan hukumomi, a shekarar ce kuma aka kafa hukumomin raya koguna, ciki har da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aikin Kogin Kano ya koma hannunta. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasa amana ga gwamnan jiha. A 1979 gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a Kano. Dokar albarkatun ruwa ta 1993 ta bai wa gwamnatin tarayya iko da duk ruwan da ya shafi jiha fiye da ɗaya, kuma Kogin Kano yana cikin irin wannan, tun da yana zarcewa Haɗeja har Yobe.

Wani abin da ya faru kwanan nan ya ƙara fito da lamarin. A 2019 aka sa Kura da Bunkure ƙarƙashin Masarautar Rano. A 2024 aka soke waccan doka, sannan aka sake kafa Rano a matsayin masarauta mai daraja ta biyu, da Bunkure a cikinta, Kura kuwa ta koma Kano. Garuruwan sun sauya sarki cikin shekara biyar, amma wannan bai taɓa ranar sakin ruwa daga Tiga ba, domin ba a fada ake yanke ta ba.

6.0 Auna Ƙa'idojin Littafin a Bakin Magudana

Idan aka bi karatun da bugun 1932 ya gadar, Tajuddini ba shi da abin faɗa wa manomin Kura, sai dai a karanta shi a bikin naɗi. Idan kuwa aka bi karatun malaman jihadi, wanda ke kallon aikin mulki kafin sunan mai yinsa, to mai riƙe da makullin ƙofar ruwa, da mai sa hannu a takardar mallakar fili, da mai karɓar kuɗin ban ruwa, kowannensu ya ɗauki wani yanki na nauyin da Al-Maghili ya ɗora wa sarki. Ana iya ganin haka ta fuska uku.

6.1 Isa ga Mai Iko

Sharaɗin Al-Maghili shi ne mafi rauni ya iya kai kukansa kai tsaye. A tsarin ban ruwa mafi rauni shi ne mai gona a wutsiyar magudana. Idan yashi ya cike magudana, ko ciyawar kacala ta toshe ta, ko na sama ya riƙe ruwa fiye da rabonsa, shi ne shinkafarsa ke bushewa. Can ƙasa kuma akwai manoma da masunta da makiyaya na dausayin Haɗeja da Nguru, waɗanda ambaliyar da suke dogara da ita ta ragu bayan gina Tiga da madatsar Challawa a 1992. Shamakin da ke tsakaninsu da mai iko a yau ba zaure ba ne ko dogari. Nisan ofis ne, da takarda cikin Ingilishi, da rarrabuwar alhaki tsakanin tarayya da jiha da ƙaramar hukuma. Ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, waɗanda shirin TRIMING da ya sami tallafin Bankin Duniya daga 2014 ya ƙarfafa tare da gyaran magudanai, ƙoƙari ne na kusanto da hukunci ga manomi. Ma'aunin da littafin zai ɗora musu shi ne: shin mace mai aikin ƙodago a gonar tumatir, ko mai hayar rabin eka, suna da bakin magana a cikinsu, ko kuwa manyan manoma ne kawai?

6.2 Karɓa da Kashewa

Babi na bakwai da na takwas sun haɗa karɓar dukiya da kashe ta wuri guda. Kuɗin ban ruwa ba ya cikin jerin da Al-Maghili ya kawo, kuma ya fi kama da ladan aiki, tun da magudana tana buƙatar yasa da gyara. Amma ƙa'idar da ya kafa tana aiki a kansa: a san adadin, kada ya wuce buƙata, a kashe shi a kan abin da aka karɓa dominsa, a fara da mafi muhimmanci. Babi na biyar kuma ya wajabta wa shugaba ya binciki masu karɓa. Manomi yakan yi nauyin hannu wajen biya idan bai ga an yashe magudanarsa ba, magudana kuma ba ta yasuwa idan ba a biya ba. Abin da ke warware wannan ƙulli shi ne lissafi a fili, wanda shi ne ruhin waɗannan babuka.

6.3 Rabon Ruwa

Tajuddini bai shiga bayanin rabon ruwa ba, amma ya umarci mai mulki da bin ingantaccen hukuncin mazhaba, kuma Malikiyya tana da hukunci a nan. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik an kawo cewa a ruwan da ke gangarowa da kansa, na sama yana shayar da gonarsa har ruwa ya kai idon sawu, sannan ya sakar wa na ƙasa. An kuma hana riƙe rarar ruwa. Ruwan da mutane suka yi tarayya wajen jawo shi kuwa, Mukhtasar na Khalil ya nuna ana raba shi da ma'auni na lokaci ko makamancinsa. Magudanar Kadawa ta fi kusa da wannan kashi na biyu, don haka kasancewa a sama ba ya bai wa kowa haƙƙin da ya wuce zagayensa. Game da ƙasa, Abdullahin Gwandu ya rubuta Ta'alimur Radi a kan hanyoyin da mutum ke keɓanta da mataccen fili. Wannan ya nuna malaman ƙasar Hausa sun daɗe da ɗaukar gona da ruwa a matsayin babi na ilimin mulki.

7.0 Iyakokin Wannan Karatu

Ba daidai ba ne a mai da Tajuddini kundin tsarin mulki na zamani, kamar yadda akan ji a wasu jawabai. Littafin ya ɗauka akwai mutum ɗaya da komai ke komawa gare shi, bai kuma tanadi wata hanya da talakawa za su tilasta wa sarki ba, ban da tsoron Allah da nasihar malamai. An rubuta shi a zamanin bauta da ganima da jiziya, kuma marubucinsa mutum ne mai tsanani, kamar yadda lamarin Tuwat ya nuna. Nijeriya ta yau kuwa ƙasa ce mai addinai da dokoki daban-daban. Abin da za a ɗauka daga littafin shi ne tambayoyinsa: wa ke da iko, ana iya ganinsa, me ya karɓa, ina ya kai? Amsoshin kuwa dole a neme su a cikin tsarin yau.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi tarihin Tajuddini daga fadar Rumfa zuwa zaurukan malaman jihadi, zuwa maɗaba'ar Bairut a 1932. Ta nuna bugun ya ceci matanin ya kuma yaɗa shi, amma ya ba shi suna da masu sauraro da suka dace da bukatun mulkin En'e. Misalin Kura da Bunkure ya tabbatar da cewa ikon da littafin ke yi wa gargaɗi ya bar fada ya koma hukumomi da ofisoshi.

Akwai aiki uku a gaban masana Hausa. Na ɗaya, a gwada matanin 1932 da kwafe-kwafen hannu da ke Kano da Katsina da Sakkwato da Gidan Arewa a Kaduna, don a ga inda suka saɓa. Na biyu, a ɗauki hoton kwafin bugun da suka rage a adana, a kuma riƙa ambaton Waziri Zayyana tare da Baldwin. Na uku, masu fassara littafin zuwa Hausa su yi tunani a kan kalmar da za ta ɗauki ma'anar muluki da amir. Idan aka ce sarki, injiniya da darakta da shugaban ƙungiyar manoma za su ɗauka ba da su ake ba. Idan aka ce mai iko ko shugaba, magana ta iso bakin magudanar Kura.